Abin da ake ɗaurewa cikin kaya da abin da ake faɗa a zango

Duk wanda sana'arsa ta haɗa da ɗaurin kaya yana da tambaya guda da ba ya iya kauce mata: me za a sa a ciki kafin a ja igiya, me kuma za a bari sai an isa inda za a sauke? Wanda ya ɗaure abin da ya kamata ya bari a waje, sai ya kwance kayan gaba ɗaya kafin ya gyara. Wanda ya bar abin da ya kamata ya ɗaure, kaya su isa ba su cika ba. Akwai kuma kashi na uku, abin da bai dace ya shiga kaya ba ko kusa, domin kaya suna bin hannuwa da yawa kafin su kai ga mai su.

Mutanen Salaga sun san wannan tambaya tun kaka da kakanni. A ƙarni na 19 garin shi ne babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, inda goron dajin Asante yake haɗuwa da fataken Kano da Katsina da Barno. Kasuwa ce kuma da aka sayar da bayi masu yawa a cikinta, abin da rijiyoyinta da tsofaffin wurarenta suke tunatarwa har yau. Ayarin da ya tashi daga Salaga yakan bi ta Yendi da Sansanne Mango, ya yi watanni a hanya kafin ya ga ganuwar Kano. Goro ba ya son bushewa, don haka a huhu ake naɗe shi da ganye, a riƙa dubawa ana tsince wanda ya lalace. Ganye da igiya da goron kansa duk suna cikin huhu tun daga Gwanja. Farashi kuwa da harshen ciniki da fiton da za a biya da sunan maigidan da za a sauka wurinsa, waɗannan kowane zango da nasa, madugu ne yake riƙe da su a ka. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 kasuwar ta soma ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mazauna zangon, har malamai irin su Alhaji Umaru, mutumin Kano, suka koma Kete Krachi. Hanyar goro ta mutu, amma tambayar mai ɗaurin kaya tana nan, ta dawo a cikin wata sana'a da fataken da ba su taɓa mafarkinta ba.

Ƙunshi da kwantena

A 2013 Solomon Hykes da abokan aikinsa suka fito da Docker, wata hanya ta naɗe manhaja tare da duk abin da take buƙata, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Naɗaɗɗen kayan shi masu sana'ar ke kira imej, a nan kuma za a kira shi ƙunshi. Ƙunshi daskararre ne, da zarar an gama gina shi ba ya canzawa. Idan aka kunna shi ya soma aiki, shi ake kira kwantena, kuma ƙunshi ɗaya yana iya haifar da kwantena goma a garuruwa goma. Umarnin gina ƙunshi ana rubuta shi a fayil mai suna Dockerfile, layi bayan layi.

Saitin muhalli kuwa ya girmi Docker nesa ba kusa ba, domin tun bugu na bakwai na Unix, a 1979, yake a siffar da aka san shi yau. Ba wani abu ba ne illa suna da ƙima da ake miƙa wa manhaja lokacin da take tashi, kamar a ce TZ=Africa/Accra, wato agogon Accra za ki bi. Amfaninsa shi ne manhaja ɗaya ta iya sauya hali daga wuri zuwa wuri ba tare da an taɓa rubutunta ba. Wurare uku ake iya sa shi. Ana iya sa shi da kalmar ENV a cikin Dockerfile, sai ya zauna cikin ƙunshi ya bi shi duk inda ya je. Ana iya sa shi da kalmar ARG, sai ya yi aiki lokacin gini kawai. Ana kuma iya barinsa sai lokacin kunna kwantena, a miƙa shi da alamar -e ko ta wani fayil da ke kan kwamfutar da za ta yi aikin. A takarda wannan rabe-rabe ba shi da wuya. Wata 'yar zangon Salaga ta koye shi ne a aikace, gari uku, darasi uku.

Ta yi karatun kwamfuta a Tamale, ta dawo gida ta tarar kawunta, wani Alhaji dillalin doya da hatsi, yana fama da littattafan bashi. Yana da shago a Salaga inda ake lodin doya, da wani a Yendi na masara da waken suya da kaɗanya, da na uku a Bawku na albasa da gero. Yawancin kuɗin yanzu ta waya suke shigowa, tun da MoMo ya zama ruwan dare a Ghana bayan fara shi a 2009. Ta rubuta masa ƙaramar manhaja mai riƙe lissafin wanda ya karɓi kaya da wanda ya biya. Da yake intanet yana ɗaukewa a dukan garuruwan uku, ba ta dogara da saba guda a Accra ba. Kowane shago ta sa masa kwamfutarsa, manhajar ta riƙa aiki a nan, in layi ya dawo ta aika lissafi. Ƙunshi ɗaya ke nan, kwamfuta uku. Dockerfile ɗin da ta soma da shi kuwa aro ne daga wani abokin karatu, wanda shi ma daga hannun wani mai irin wannan aiki a Kano ya same shi.

Salaga: abin da ya dace ya shiga ƙunshi

Ba a yi mako uku ba sai lissafin Salaga ya soma saɓa wa littafin hannu. Jimillar wata takan yi daidai, amma ta yini ba ta yi. Ranar Talata kuɗi su gaza, ranar Laraba su yi yawa. Akawun shagon, dattijo ne da ya daɗe tare da Alhaji, shi ke karɓar kuɗin motocin doya da ke lodi da dare. Ba wanda ya ce masa komai, amma ya lura an soma kirga kuɗi a gabansa sau biyu, ya kuma san abin da hakan ke nufi. A kasuwa mutum ba shi da jarin da ya wuce amana.

Ta zauna ta jera rasitai ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga duk kuɗin da suka ɓata a yini an biya su ne bayan ƙarfe 11 na dare. Ta koma ga Dockerfile, a layi na huɗu ta ga TZ=Africa/Lagos. Agogon Najeriya yana gaban na Ghana da awa ɗaya. Direban da ya biya da ƙarfe 11:20 na daren Talata, manhaja ta rubuta shi 12:20 na Laraba. Abin ban mamaki shi ne da babu layin sam, da lissafi ya yi daidai, domin kwantenar da ba a faɗa mata agogo ba takan bi agogon duniya na UTC, wanda ya yi daidai da na Ghana duk shekara. A ƙasa da wannan layi akwai wani mai lambar ƙasa +234, alhali ta Ghana +233 ce. Mai Dockerfile na asali bai yi laifi ba. Ya ɗaure gaskiyar Kano a cikin ƙunshi, ƙunshi ya yi tafiya, gaskiyar ta zama ƙarya a Gwanja.

Da yamma ta kai wa kawun nata bayani a gaban akawu. Ta ce, “Kawu, ko pesewa ɗaya ba ta ɓata ba. Agogon na'urar ne yake kan lokacin Najeriya, Baba bai taɓa komai ba.” Alhaji ya yi shiru, sannan ya juya ga dattijon ya nemi gafararsa. Daga baya ya ce mata, “Ɗiyata, mu a jikin buhu alamar mai kaya muke rubutawa. Ba a rubuta farashi, don farashin Salaga ba shi ne na Kumasi ba.”

Wannan magana ta ba ta ma'aunin ENV. Abin da za a rubuta da ENV shi ne abin da yake gaskiya game da manhajar kanta a duk inda ta sauka, kamar hanyar da za ta bi ta sami fayilolinta, ko ƙofar da take sauraro. Misali mafi kusa da mai rubutu da Hausa shi ne tsarin haruffa. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kawai ya sani, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu. Ƙananan ƙunsoshi da yawa suna tashi ba tare da an faɗa musu wani tsari ba, sai wasu manhajoji su koma ga wannan tsohon, sunan mai bashi ya fito da alamar tambaya a tsakiya. A Yendi matsalar ta fi haka, domin Dagbani yana da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ, ga kuma alamar sidi, ₵. Maganin layi ɗaya ne, ENV LANG=C.UTF-8, wanda ke sa a bi tsarin UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Wannan buƙata ba ta canzawa daga gari zuwa gari, don haka wurinta cikin ƙunshi. Agogo kuwa da lambar ƙasa da sunan shago, ta fitar da su zuwa lokacin kunnawa. Ta bar agogon Accra a matsayin abin da za a bi in ba a faɗi wani ba, tun da ƙimar da aka miƙa lokacin kunnawa tana danne wadda ENV ya ajiye.

Yendi: abin da ke aiki lokacin gini kawai

Darasi na biyu a Yendi ya same ta, hedikwatar Dagbon, mazaunin Ya-Na. Yaron shagon can ya kira ya ce shafin manhaja yana buɗewa amma ba ya nuna komai. Ta gano shafin yana neman adireshin kwamfutar Salaga, wadda ba ya iya kaiwa gare ta. Bisa abin da ta koya, ta faɗa masa yadda zai miƙa sabon adireshi lokacin kunnawa. Ya yi, ya sake yi, shafin bai motsa ba.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa shafukan zamani. Ɓangaren manhaja da ke aiki a cikin burauza ba ya ganin muhallin kwantena ko kaɗan. Kayan aiki irin su Vite sukan ɗauki duk saitin da sunansa ya fara da VITE_ su saƙa ƙimarsa cikin rubutun shafin tun lokacin gini. Bayan nan saitin ya zama kamar gishiri a miya, ba a tsame shi. A Dockerfile ɗin aro an miƙa adireshin da ARG, aka gina shafin, adireshin ya daskare a ciki. Duk abin da za a faɗa wa kwantena daga baya ya makara.

Hanya biyu ke gabanta. Ta farko ta gina ƙunshi uku, kowane gari da nasa adireshi. Wannan ya fi sauri a ranar, amma yana rushe dalilin yin ƙunshi tun farko, domin abin da aka gwada a Salaga ba shi ne zai yi aiki a Yendi ba, kuma duk gyara sai an yi shi sau uku. Ta biyu ita ce ta sauya shafin ya daina riƙe adireshi, ya riƙa tambayar kwamfutar da ta buɗe shi. Ta ɗauki ta biyu, ta ci mata kwana biyu, amma ƙunshi ya koma ɗaya.

A cikin wannan aiki ta fahimci iyakokin ARG, waɗanda suke tuntuɓar da masu koyo da yawa. Ƙimarsa ana miƙa ta da --build-arg, kuma ba ta shiga muhallin kwantena mai aiki sai in an kwafe ta da gangan zuwa ENV. Wanda aka rubuta kafin layin FROM, layin FROM kaɗai yake yi wa aiki, sai an sake ambatonsa a ƙasa kafin sauran layuka su gan shi. A ginin mai matakai da yawa, wanda Docker ya kawo a 2017, kowane mataki sai an ambata masa nasa. Haka kuma wanda ya rubuta RUN export da nufin ajiye saiti ya yi aikin banza, domin kowane layin RUN yana tashi ne da sabon muhalli, abin da aka faɗa a na sama ba ya gangarowa na ƙasa. Akwai kuma batun ajiyar wucin gadi: in ƙimar ARG ta canza, layukan RUN da ke bayansa sai an sake gina su daga farko. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka ta mayar da lambar bugun manhaja, wadda ke canzawa kullum, zuwa can ƙasan fayil, bayan layukan da ke sauko da manyan kaya daga intanet.

Abin da ya dace da ARG shi ne abin da magini ke buƙata amma mazaunin gida ba ya buƙata, kamar tsanin da ake jinginawa lokacin gini a ɗauke in an gama. Lambar bugun harshen da za a yi gini da shi tana cikin wannan kashi. Haka DEBIAN_FRONTEND=noninteractive, wanda ke hana na'ura tsayawa tana tambayoyi lokacin girka kaya. In aka sa shi da ENV sai ya bi ƙunshi har abada, ya riƙa rufe bakin tambayoyin da wata rana mai gyara zai so ya gani.

Bawku: abin da ba ya shiga kaya ko kusa

Bawku tana can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Tafiya ce mai nisa daga Salaga, ga kuma rikicin sarautar da ya daɗe yana addabar garin, wanda ya sa hukuma ta sha kafa dokar hana fita. Ba ta iya zuwa duk lokacin da ta so. Sauko da ƙunshi mai nauyi ta intanet a can ma wahala ne. Dabarar da suka yi ita ce ta fitar da ƙunshin da docker save ta sa a filas, a ba direban motar da za ta bi ta Bimbilla da Yendi, shi kuma ya miƙa wa wani, har ya isa hannun mai kula da shagon, ya ɗora da docker load. Filas ɗin yakan kwana a aljihun mutum uku ko huɗu.

Wata rana tana shirin aika sabon bugu sai ta buga docker history a kan ƙunshin don ta ga abin da ya sa ya yi nauyi. A cikin jerin da ya fito, a fili ƙarara, ta ga mabuɗin sirrin da ke ba manhaja damar magana da asusun kuɗin wayar Alhaji. Tsarin aron ya karɓi mabuɗin da ARG, ya yi amfani da shi a wani layin RUN, sannan ya kwafe shi zuwa ENV. Mutane da yawa suna zaton tun da ARG ba ya kaiwa lokacin kunnawa, to ya dace da sirri. Ba haka abin yake ba, domin ƙimarsa tana iya zama a tarihin ginin. Ta ENV kuwa docker inspect yana baje ta ga duk wanda ƙunshin ya shiga hannunsa.

Goge sirri daga baya ma ba ya fitar da mutum. Ƙunshi shimfiɗa-shimfiɗa ne, kowane layin da ya taɓa fayiloli yana ɗora tasa a kan ta ƙasa. In aka kwafo fayil mai kalmar sirri a layi na biyar aka goge shi a na shida, shimfiɗa ta shida ta rufe shi ne kawai, yana nan kwance a ta biyar, mai son gani zai ɗaga ya gani. Haka layin COPY da ke kwashe duk abin da ke cikin babban fayil yakan tafi da fayil ɗin .env ba tare da mai shi ya sani ba, sai in an rubuta sunansa a .dockerignore.

Wannan ba tsoron ƙananan shaguna ba ne kawai. A watan Afrilun 2021 kamfanin Codecov na Amurka ya sanar cewa wasu sun ciro mabuɗi ta wata ɓaraka a yadda yake gina ƙunshinsa na Docker, suka yi amfani da shi suka sauya wani rubutu da abokan cinikinsa ke saukewa. Tun ƙarshen Janairu rubutun yake kwashe saitunan muhallin mutane yana aikawa waje, sai da aka yi wata biyu kafin wani abokin ciniki ya lura. A 2023 kuma masu bincike a jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus suka duba ƙunshi 337,171 da ke buɗe a intanet, suka tarar kashi 8.5 cikin 100 suna ɗauke da sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mai ginin ne yake tsaga bangon da hannunsa.

Ba ta da wata shaida cewa wani ya buɗe filas ɗin. Direbobin mutanen kirki ne, yawancinsu ma ba su san abin da suke ɗauke da shi ba. Amma magana zarar bunu ce, mabuɗin da ya riga ya yi tafiya sau biyar ba a sake kiransa sirri. Abu na farko da ta yi shi ne soke shi da neman sabo. Sannan ta raba buƙatun gida biyu. Sirrin da ake buƙata lokacin gini, kamar izinin sauko da wani kaya daga ma'ajiya mai kulle, ta miƙa shi ta hanyar BuildKit, injin ginin da ya shigo Docker a 2018 ya kuma zama na yau da kullum a bugu na 23 a 2023. Da --mount=type=secret sirrin yakan bayyana ga layi ɗaya na RUN, a yi amfani da shi, ya ɓace ba tare da ya shiga wata shimfiɗa ba. Sirrin da ake buƙata lokacin aiki kuwa, kamar mabuɗin kuɗi, ta ajiye shi a fayil a kan kwamfutar kowane shago, wanda mai kula da na'urar kaɗai ke da izinin karantawa. Kowane gari ta sa aka ba shi nasa mabuɗi daban, don in na Bawku ya fita, na Yendi da na Salaga su tsira.

Ta san wannan ma ba katanga ce da ba ta da ƙofa ba. Saitin da aka miƙa lokacin kunnawa, duk mai iko da kwamfutar yana iya ganinsa, kuma manhajar da ta faɗi takan zubar da muhallinta cikin rahoton kuskure. Shi ya sa daga baya ta mayar da mabuɗin zuwa tsarin sirri na Docker Compose, wanda ke ajiye shi a matsayin fayil a /run/secrets maimakon a watsa shi cikin muhalli. Ta kuma sa manhajar ta ƙi tashi in ba ta sami mabuɗi ba, ta faɗi sunan abin da ya ɓace da Hausa mai sauƙi. Gara ta tsaya da safe a kira ta a waya, da ta yi yini tana rubuta lissafi a asusun gwaji. Bayan kuɗin Alhaji akwai kuma sunaye da lambobin wayar masu bashi, waɗanda dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta ɗora nauyin tsaronsu a kan duk mai riƙe da su.

Ranar da za a sa sabon mabuɗi a Bawku ta kira mai kula da shagon, ta karanta masa harafi bayan harafi yana bugawa. Ya tambaye ta me ya sa ba ta haɗo shi cikin filas kamar da ba, ta huta shi ma ya huta. Ta ce, “Baba, kaya daban, makulli daban. In mota ta kawo akwati, ba a liƙa makullin a jikin murfinsa.” Ya yi dariya ya ce ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ma'aunin da ya rage a hannunta

A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, ya wallafa wasu ƙa'idoji goma sha biyu na gina manhaja, ta uku a cikinsu ita ce a raba saiti da rubutun manhaja a ajiye shi a muhalli. Gwajin da ya bayar shi ne mutum ya tambayi kansa ko zai iya buɗe rubutun ga duniya a wannan lokaci ba tare da wani sirri ya fita ba. Ita nata gwajin ya fi kusa da ƙasa: in filas ya faɗi a tashar motar Yendi wani ya tsinta, me ya samu? In amsar ita ce manhajar lissafi da babu sunan kowa, babu mabuɗin kowa, to ƙunshin ya ɗauru daidai.

Kafin ta rubuta kowane saiti yanzu takan yi tambaya uku. Shin wannan gaskiya ne a dukan garuruwan, har da wanda ba a buɗe shago a cikinsa ba tukuna? In haka ne, ENV. Shin magini kaɗai ke buƙatarsa, kuma ba komai in duniya ta gani? To ARG. Shin yana canzawa daga gari zuwa gari, ko kuwa fitarsa za ta cuci wani? To ya jira a zango, ba ya shiga kaya. A kowane shago ta manna takarda guda a bayan ƙofa, mai jerin sunayen saitunan da bayanin aikin kowanne, ba tare da ƙimarsu ba, don duk wanda zai gaje ta ya san abin da zai nema da wanda zai tambaya.

Alhaji ya soma maganar buɗe shago na huɗu a Sinkase, kasuwar kan iyakar Togo da Burkina Faso da ba ta da nisa da Bawku. A can kuɗi sefa ne, babu pesewa a bayansa, lambar ƙasa a ɓangaren Togo +228 ce, rasit kuma zai buƙaci Faransanci. Ya tambaye ta wata nawa sabuwar manhajar za ta ɗauka. Ta ce fassarar rasit za ta ci mako guda. Sauran kuwa layi biyar ne a fayil ɗin da zai zauna a kwamfutar can, ƙunshin da ke aiki a Salaga shi ne za a ba direba.